An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Rikicin Adireshin IP a Kantunan Zongon Wagadugu

Akwai wata muguwar al'ada da ta yi kaka-gida a tsakanin masu haɗa kwamfutoci a ƙananan wuraren kasuwanci, tun daga Kano har Wagadugu. Duk lokacin da allo ya nuna cewa an sami karo a adireshin IP, sai a kashe na'ura a sake kunnawa. In saƙon ya ɓace, a karɓi ladan aiki a kama gaba. In ya dawo bayan kwana biyu, a ɗora laifin a kan kamfanin sadarwa, ko ƙura, ko zafin bazara, ko kuma a ce modem ya tsufa, a sa mai kanti ya sayo sabo. Da haka ake ta kwashe wa 'yan kasuwa kuɗi a kan ciwon da ba a taɓa binciken asalinsa ba.

Maganar gaskiya ita ce, karon adireshi laifin mutum ne. Wani ne ya haɗa wayoyi ba tare da ya zauna ya rubuta wace na'ura ce za ta riƙe wace lamba ba. Abin ya fi muni a inda aka girka uwar garke mai katin sadarwa biyu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da lissafin kanti da takardunsa, wadda kuma aka ba ta ƙafa biyu a hanyoyin sadarwa biyu. A nan ne sakaci ke ninkuwa, a nan ne kuma maganin kashe-ka-kunna yake nuna iyakarsa.

Darasin da filaye suka riga suka koyar

Mutumin Wagadugu ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane wannan. Tsohon zangon Hausawa na tsakiyar birnin, wanda ake kira Zanguwetin, an rushe shi a 2003 ƙarƙashin shirin ZACA, aka mayar da mazaunansa sababbin filaye a gefen gari. Unguwar Zongo kuwa, da ke yammacin birnin, ta daɗe cikin unguwannin da jama'a suka gina kafin hukuma ta zo ta yanka filaye ta sa musu lamba. A irin waɗannan wurare babu abin da ake tsoro kamar a wayi gari an ba mutum biyu fili ɗaya. A 2016 wani kwamitin bincike na majalisar dokokin Burkina Faso ya bayar da rahoton cewa an raba filaye fiye da 100,000 ba bisa ƙa'ida ba a biranen ƙasar.

Idan mutum biyu suka zo kowa da takardar fili ɗaya, ba mai hankalin da zai ce ƙasar ce ta lalace. Kowa ya san matsalar tana cikin rajista da hannun wanda ya rubuta ta. To, me ya sa idan firinta da wayar salula suka yi karo a kan lamba ɗaya sai a ce na'ura ce ta lalace?

Yadda adireshi yake aiki

Adireshin IPv4, wanda daftarin RFC 791 ya shimfiɗa a 1981, lamba ce mai bit 32, ana rubuta ta kashi huɗu kamar 192.168.1.20. Jimillar irin waɗannan lambobi 4,294,967,296 ce. Ganin cewa ba za su ishi duniya ba, a 1996 daftarin RFC 1918 ya keɓe rukunai uku domin amfanin cikin gida: wanda ya fara da 10, da wanda ya kama daga 172.16 zuwa 172.31, da wanda ya fara da 192.168. Kowane kanti na iya ɗibar abin da yake so daga cikinsu ba tare da neman izinin kowa ba. Sharaɗi ɗaya ne tak: kada na'ura biyu su riƙe lamba ɗaya a hanyar sadarwa ɗaya.

Dalilin sharaɗin yana cikin wata ƙa'ida mai suna ARP, wadda David Plummer ya rubuta a 1982. Kowane katin sadarwa yana da lambar masana'anta mai bit 48, wadda ake kira MAC. Idan kwamfuta tana son aika saƙo zuwa 192.168.1.20, sai ta yi shela ga dukan na'urorin da ke kan hanyar, tana tambayar wa ke riƙe da wannan lamba. Mai lambar ya amsa da MAC ɗinsa, ita kuma ta ajiye amsar na ɗan lokaci. ARP ba ta da alƙali, ba ta neman shaida. Idan na'ura biyu suka amsa, mai tambaya zai riƙa jujjuyawa tsakaninsu: yanzu saƙo ya tafi ga firinta, an jima ya tafi ga wayar yaron kanti. Shi ya sa ciwon yake zuwa yana tafiya, shi ya sa kuma kashewa da kunnawa take yin kamar ta yi magani. Abin da kawai ta yi shi ne share amsar da aka ajiye. Masu da'awar lambar nan biyu suna nan daram.

Ciwo huɗu, suna ɗaya

A ɗauki misalin wani kantin sayar da kayan gini a Zongo. Yana da uwar garke ɗaya, kwamfutoci biyar, firinta, kyamarorin tsaro, da layukan intanet biyu daga kamfanoni daban-daban, ɗaya na waya ɗaya na 4G. Ciwo huɗu ne ke iya kama shi, kuma masu gyaran ganin-ido duk suna kiransu da suna ɗaya.

Na farko shi ne karo na zahiri. An sa wa firinta lambar dindindin da hannu, a ce 192.168.1.100, alhali modem yana rabon lambobi daga 100 zuwa sama ta hanyar DHCP, tsarin da ke ba na'urori hayar adireshi na wani wa'adi. Modem bai san da zaman firinta ba, domin ba wanda ya gaya masa. Ranar da aka kashe firinta wani baƙo ya shigo da waya, sai a ba shi lambar. Da an kunna firinta, rikici ya tashi.

Na biyu shi ne masu rabo biyu a gida ɗaya. Modem yana rabon adireshi, uwar garke ma tana yi. Kwamfutar da ta nemi lamba galibi takan karɓi tayin da ya fara iso mata, kuma kowane mai rabo bai san abin da ɗan'uwansa ya bayar ba. Ba a sarki biyu a zamani ɗaya. Manhajar Windows Small Business Server ma an gina ta ne ta yadda mai rabonta zai dakatar da kansa da zarar ya ji motsin wani mai rabo a kan hanyar. Sakamakon haka kwamfutoci su koma karɓar umarni daga modem, wanda bai san sunan uwar garke ba, sai a ga intanet na aiki amma manhajar lissafi ta ƙi buɗewa.

Na uku shi ne ainihin ciwon mai kati biyu, kuma shi ne aka fi jahilta. Yawancin modem da rawutoci suna fitowa daga masana'anta da lamba 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, ƙananan na'urorin 4G na Huawei kuma da 192.168.8.1. Idan na'urorin layukan nan biyu suka zo da rukuni iri ɗaya, aka kuma bar su yadda suka zo, katunan uwar garke biyu za su faɗa rukuni ɗaya. A nan mai yiwuwa babu na'ura biyu masu lamba ɗaya a waya ɗaya, allo ma ba zai nuna gargaɗin komai ba. Amma jadawalin hanyoyin uwar garke zai ƙunshi hanya biyu zuwa wuri mai suna ɗaya. Saƙo ya shigo ta kati na farko, amsarsa ta fita ta na biyu, ta ɓace. In kuma aka ƙara da sa wa kowane kati ƙofar fita tasa, sai ruɗanin ya cika, domin ƙofar fita ita ce hanyar da ake bi idan ba a san wata hanya ba, kuma hanyar irin wannan ba ta zama biyu sai an tsara wadda ke gaba. A kan Linux akwai ƙarin tarko: in an bar ta yadda ta zo, takan amsa tambayar ARP game da kowace lamba tata ta kowane kati, don haka in katunan biyu suna kan suwic ɗaya sai ta zama ita ce ke karo da kanta. Daftarin RFC 1122 ya tattauna wannan hali na kwamfuta mai ƙafa biyu tun 1989. Matsalar ta girmi yawancin masu gyaran da ke mamakinta a yau.

Na huɗu yana bayyana ne ranar da mai kanti ya so duba lissafinsa daga gida ko daga Bobo-Dioulasso ta hanyar VPN. Gidansa 192.168.1 ne, kantinsa ma 192.168.1 ne. Kwamfutarsa za ta ɗauka cewa uwar garken tana nan cikin ɗaki tare da ita, ba za ta taɓa tura saƙon zuwa kanti ba.

Ga kuma abin da ke hura wutar dukansu: ɗaukewar lantarki. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da buƙata ke yi wa kamfanin SONABEL yawa, wuta takan ɗauke ta dawo. Ƙananan modem da yawa suna ajiye jerin hayar da suka bayar ne a ƙwaƙwalwar da ke gogewa idan wuta ta tafi. Wayoyi da kwamfutocin tafi-da-gidanka kuwa suna da batir, suna nan riƙe da lambobinsu. Da wuta ta dawo, modem yakan riga uwar garke farkawa, ya fara rabo daga farko kamar bai taɓa ba kowa komai ba. Mai gyaran da ya ce wuta ce ta jawo matsalar ya faɗi rabin gaskiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Uzurorin da ake kawowa

Wasu sukan ce ai adireshi ne ya ƙare a duniya, Afirka kuma ba ta sami rabonta ba. Gaskiya ne cewa hukumar IANA ta raba rukunanta na ƙarshe a ranar 3 ga Fabrairu, 2011, kuma AFRINIC, wadda ke rabon adireshi a nahiyar daga tsibirin Morishus tun 2005, ta shiga mataki na biyu na tsuke rabo a Janairun 2020. Gaskiya ne kuma cewa kamfanonin sadarwa da yawa suna cusa abokan cinikinsu a bayan adireshin waje guda, ta amfani da rukunin 100.64 da RFC 6598 ya keɓe a 2012. Amma duk wannan magana ce ta adireshin waje. A cikin gida, rukunai ukun nan na RFC 1918 sun ƙunshi lambobi 17,891,328. Kantin da ke da na'ura ashirin, aka ba shi zaɓi cikin lambobi kusan miliyan 18, sannan na'urorinsa suka yi karo, ba shi da bakin kukan ƙarancin adireshi.

Wasu kuma su ce ƙaramin kanti ba ya buƙatar tsari, tsari na bankuna ne da ma'aikatu. Wannan ya juya gaskiya a kife. Banki yana da ma'aikatan da za su kwana suna gyara. Mai kantin siminti ba shi da kowa, kuma duk sa'ar da manhajar lissafi ta tsaya, ciniki ne ke wucewa zuwa maƙwabci. Wanda ba shi da mai gadi shi ya fi buƙatar ƙofa mai kyau. Tsarin da ake magana kuwa bai wuce shafi ɗaya na takarda ba.

Akwai masu cewa na'urorin zamani suna gano karo da kansu. Suna ganowa, amma ganowa daban, warwarewa daban. Daftarin RFC 5227 na 2008, wanda Stuart Cheshire ya rubuta, ya tsara yadda na'ura za ta yi tambaya kafin ta ɗauki lamba, da yadda za ta kare ta ko ta sake ta. Kwamfutar Windows da ta tarar an riga ta, takan koma wata lamba mai farawa da 169.254, wadda ba ta kai ta ko'ina a wajen wayar da take kai. RFC 2131 na 1997 ya shawarci mai rabo ya gwada lamba kafin ya bayar, amma shawara ce, kuma a mai rabon Windows Server adadin wannan gwaji yana zuwa ne a kan sifili sai an ɗaga shi da hannu. Mafi muni su ne masu gyaran da ke shiga cikin saitin kwamfuta su kashe gargaɗin gaba ɗaya don mai kanti ya daina kiransu. Wannan daidai yake da cire ƙararrawar gobara saboda tana hana barci.

Sai masu jiran IPv6. Babu shakka sabon tsarin ya zo da gwajin karo a cikin jikinsa, kuma rukunansa na cikin gida ana zaɓarsu ne da lambar ƙuri'a mai bit 40 domin kada gida biyu su dace. Amma firinta da kyamarori da manhajojin lissafin da ke kantunan Zongo a yau da IPv4 suke magana, kuma za su daɗe a haka. Ba a barin rufin da ke yoyo don an ji labarin sabon gida.

Shin kati biyun ma dole ne?

Buƙatar layi biyu a Burkina Faso ba ƙawa ba ce. A Nuwamban 2021 an katse intanet na wayar salula a ƙasar har tsawon kusan mako guda, alhali layukan waya na gidaje da ofisoshi suna aiki. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, kuma Burkina, wadda ba ta da teku, take samun intanet ta ƙasashen gaɓa, tana cikin waɗanda abin ya shafa. Ɗan kasuwar da ya riƙe layin Moov Africa da na Orange ko Telecel Faso yana da hujjarsa, ko da yake darasin 2024 ya nuna cewa layi biyu na iya haɗuwa a igiya ɗaya can a teku.

Sai dai buƙatar layi biyu ba ta nufin a cusa su duka a cikin uwar garke. Kamfanin Microsoft kansa ya bar wannan hanya. Small Business Server 2003 tana karɓar kati biyu, ɗaya na waje ɗaya na ciki, kuma lambar da take ba katin ciki tun daga farko ita ce 192.168.16.2, wadda ta kauce wa rukunan da modem suka saba zuwa da su. Da aka fitar da ta 2008, sai aka koma kati ɗaya, aka bar aikin tsaron ƙofa ga na'ura ta daban. Hanya mafi sauƙi a yau ita ce a sa layukan biyu a rawuta mai mashiga biyu, ita ta riƙa zaɓar wanda ke aiki, uwar garke kuma ta zauna da kati ɗaya da ƙofar fita ɗaya. Kati na biyu yana da amfani idan ana son ware kyamarori ko na'urar ajiya a hanya tasu, amma wanda ya girka shi don kawai ya ga rami biyu a bayan kwamfuta, ya sayo wa mai kanti wahala ne da kuɗinsa.

Takarda kafin waya

Ga abin da ya wajaba a kan duk wanda ya karɓi kuɗin mutane da sunan girka uwar garke.

Da farko ya zaɓi rukunin da ba na masana'anta ba, misali 10.23.5 ga kwamfutocin kanti, da 10.23.6 ga kyamarori in za a ware su. Kowane kati da rukuninsa, kada su haɗu, kada kuma su dace da na modem ko na gidan mai kanti. Rukuni mai shingen 255.255.255.0 yana ɗaukar na'ura 254, ya ishi kowane ƙaramin kanti.

Sannan ya yanka rukunin kamar yadda ake yanka filaye: daga 1 zuwa 9 na rawuta da suwic, daga 10 zuwa 49 na uwar garke da firinta da sauran masu lambar dindindin, daga 100 zuwa 200 na haya. Mai rabo ba zai taɓa lambar da ke ƙasa da 100 ba, hannun mutum kuma ba zai taɓa wadda ke cikin na haya ba. In ana son wata kwamfuta ta riƙa samun lamba ɗaya kullum, a ɗaure lambar da MAC ɗinta a wurin mai rabo.

Mai rabo ya zama ɗaya tak a kowace hanya. In uwar garke ce za ta yi, a kashe na modem da na duk wata rawutar Wi-Fi da aka ƙara daga baya, a kuma ɗaure nata a katin ciki kaɗai. Ƙofar fita ta zauna a kati ɗaya, a bar gurbinta fanko a ɗayan. A hana katin waje rubuta kansa a DNS na cikin gida, don kada kwamfutoci su nemi uwar garke ta lambar da ba za su iya kaiwa ba. A kan Linux a gyara arp_ignore da arp_announce. A haɗa uwar garke da suwic da rawuta a kan batirin ajiyar wuta ɗaya, su rayu tare su mutu tare.

In kuma karon ya riga ya auku, bincikensa ba duba ba ne. Umarnin ipconfig /all yana nuna lambar kwamfuta da wanda ya ba ta, kuma nan take za a gane ko akwai mai rabo na biyu. Umarnin arp -a yana nuna MAC ɗin da ke amsa kowace lamba. In aka maimaita shi aka ga MAC yana sauyawa, an kama masu da'awa biyu. Rabin farko na MAC yana nuna kamfanin da ya ƙera katin, kuma hukumar IEEE tana da jerin waɗannan lambobi a buɗe, don haka sau da yawa za a gane ko firinta ce ko kyamara tun kafin a tashi daga kujera. Umarnin route print a Windows, ko ip route a Linux, yana tona asirin ƙofofin fita biyu da rukunan da suka hau juna. Duk wannan bai kai rabin sa'a ba ga wanda ya san abin da yake nema.

Haƙƙin mai kanti

Saura magana ɗaya, kuma ita ce mafi ɗaci. Akwai masu gyaran da suka san duk abin da aka lissafa, amma suke ƙin rubuta shi da gangan. Jerin lambobi yana cikin kansu, kalmar sirrin modem tana cikin wayarsu, domin kada wani ya taɓa aikin sai su. Wannan cin amana ne, ko da an kira shi dabarar sana'a. Maginin da ya gama gida ya tafi da makulli a aljihu, sunansa ba zai yi kyau a unguwa ba.

Masu kantuna ma suna da nasu kason. Ɗan kasuwar da ba zai bayar da bashin buhun siminti ɗaya ba sai ya rubuta a littafi, shi ne kuma zai biya sefa masu yawa a girka masa na'urori, bai nemi ko da shafi ɗaya na bayani ba. Ba sai ya iya Faransanci ko Turanci ba kafin ya nemi haƙƙinsa. Tambayoyi uku sun isa, kuma ana iya yinsu da Hausa ko da harshen Mosi: wace na'ura ce ke rabon lambobi, waɗanne lambobi aka ware, ina takardar? Ya sa a liƙa kwafi ɗaya a jikin uwar garke, ya ajiye ɗaya tare da takardun kanti, ya kuma riƙe cikon kuɗin aiki har sai takardar ta shiga hannunsa. Makarantun da ke horar da matasa wannan sana'a kuwa, ya kamata su daina ba da shaidar ƙwarewa ga wanda ya iya murɗa kan waya amma bai iya zana rabon adireshin kanti mai na'ura ashirin a kan takarda ba.